Yarinya ta ci JAMB, jami'a ta yi shiru: me uba zai yi kafin suna ya fito?

Tambaya: Wani bawan Allah, manomin gero da riɗi daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ya aiko da damuwarsa. 'Yarsa ta fari ta samu maki 212 a JAMB, ta nemi karatun jinya a Jami'ar Bayero, ta cike fom ɗin tantancewa, sakamakon NECO ma ya fito. Ga shi har an yanke gero babu labari, alhali ɗan maƙwabcinsa da bai kai ta maki ba ya samu gurbi a wata makaranta. Yarinya ta rage cin abinci, mahaifiyarta ba ta barci, 'yan'uwansa sun fara cewa a ba wanda yake neman aurenta dama ya turo, wani mutum kuma a cikin gari ya ce a kawo naira dubu tamanin zai sa suna ya fito. Yana tambaya: ya biya, ya ci gaba da jira, ko ya haƙura da karatun?

Amsa: Malam, Allah ya raya zuri'a, ya yi mata zaɓi mafi alheri. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka ba mutumin nan ko kwabo. Dalili yana tafe.

Na daɗe ina riƙe da sha'anin jarrabawa a makarantar sakandaren gwamnati a karkara. Abin da na sha gani shi ne, yaran ƙauye da yawa da suke rasa gurbin karatu ba rashin uwa a gindin murhu ne yake kayar da su ba, ba kuma rashin ƙoƙari ba. Ƙananan abubuwa ne da ake bari ba a duba ba a daidai wannan lokaci da kake ciki, lokacin da kowa ya naɗe hannu yana cewa ana jira. Jiran nan akwai aiki a cikinsa. Aikin bai wuce na yini ɗaya ko biyu ba. Idan ka yi shi, abin da ya rage ba a hannunka yake ba, kuma kai da mai ɗakinka za ku fi samun barci.

Mu ɗauki makin tukuna. Maki 212 cikin 400 ba abin rainawa ba ne. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin yara kusan miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Yarinyar da ta tashi a ƙauye, ta zauna gaban kwamfutar da wataƙila ba ta taɓa irinta ba sai ana gobe jarrabawa, ta haura 200, ta cancanci a ce mata sannu da ƙoƙari, kuma ina fata ka faɗa mata da bakinka. Sai dai ba zan ɓoye maka ba: karatun jinya a babbar jami'a yana cikin kwasa-kwasan da aka fi yi wa rububi, tare da likitanci, haɗa magunguna da lauya. Makin da ake sanarwa a rediyo bayan taron shekara na JAMB da shugabannin makarantu, wanda a 2025 aka tsayar 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha, ƙasan ƙasa ne, wato wanda ba a yarda wata makaranta ta sauka ƙasa da shi ba. Kowace jami'a tana ɗaga nata, kowane sashe a cikinta kuma yana da inda layinsa yake yankewa, gwargwadon yawan masu nema da makin da suka zo da shi. A ganina, da 212, samun jinya a Bayero yana da wuya. Ban ce ba zai yiwu ba, amma kada a jingina komai da shi.

Wannan shi ne amsar maganar ɗan maƙwabcinka. Ba layi ɗaya suke ba. Shi wata makaranta ya nema, kuma na tabbata wani kwas ne daban. Yaro mai 170 zai iya samun gurbi a kwas ɗin da masu nemansa ba su cika guraben ba, mai 250 ya rasa a kwas ɗin da dubbai suke nema. Abin kamar rabon taki ne: buhunan a ƙidaye suke tun kafin a fara kiran suna. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, kwasa-kwasan lafiya kuma hukumomin da suke kula da sana'ar suna da nasu adadin da ba a tsallakewa.

A makarantun gwamnatin tarayya, ƙa'idar rabon ita ce kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suka fito, kashi 35 ga 'yan jihohin da suke yankin makarantar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda suke baya a ilimin boko. Kano da Jigawa duk suna cikin wannan lissafi na ƙarshe. Ka ga 'yarka tana da dama fiye da ɗaya. Amma ka tuna da su wa take takara ko a cikin 'yan gida: 'yan matan makarantun kimiyya na Taura da Jahun da Garko, da samarin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da 'ya'yan birni da aka yi wa wata da watanni ana ba su darasin JAMB na kuɗi.

Shirun kuma ba hukunci ba ne. Tun 2017, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta kawo tsarin da ake kira CAPS, wanda duk wani gurbi na halal sai ya bi ta cikinsa. Makaranta ce take zaɓen sunaye ta tura, shugabanta ya sa hannu, jami'in JAMB ya duba ko an bi ƙa'ida, sannan ya bayyana a shafin yaro. Kafin nan ma sai an jira sakamakon WAEC da NECO, wanda kan kai Agusta da Satumba. Ga kuma kalandar jami'o'i da ta rikice tun rufewar korona a 2020 da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya sa wata makaranta takan gama ɗaukar ɗalibai wata ba ta ma fara ba. Sunayen kuma ba rana ɗaya suke fita ba, rukuni-rukuni ake saki, wani lokaci har an fara lacca ana ƙarawa.

Yanzu ga aikin. Ka ware rana guda, ka ɗauki yarinyar da kanka, ko ka haɗa ta da yayanta ko kawunta mai hankali, a je cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawar kwamfuta, da JAMB ta amince da ita ko ofishin JAMB da yake Dutse. Ban ce kowane kafe na bakin kasuwa ba. A je da ita, don wasu ayyukan sai da yatsanta. A buɗe shafinta na CAPS a gabanku, ku gani da idonku.

Abu na farko da za a duba, kuma wanda ya fi cinye yaranmu, shi ne ko an ɗora sakamakon NECO ɗinta a shafin JAMB. Yawancin yara suna cike fom ɗin JAMB tun ba su zauna jarrabawar gama sakandare ba, sai a rubuta musu cewa suna jiran sakamako. Idan sakamakon ya fito, dole a koma a ɗora shi. NECO ba ta yi wa yaro wannan aiki, makarantar da ya gama ma ba ta yi. Da yawa suna zaton da sun saka shi a fom ɗin tantancewa na jami'a shi ke nan, alhali wuri biyu ne daban. Yarinyar da ba a ɗora mata sakamako a CAPS ba, ko makinta 300 ne, jami'a ba za ta iya ba ta gurbi ba. Na ga yara masu ƙwazo sun yi asarar shekara guda a kan aikin da bai kai na rabin awa ba, iyayensu kuma suna gida suna zagin masu hanya. Idan mai kafe ya ce maka ai ya ɗora tuni, ka ce ya nuna maka darussan a jere a kan allon.

Ana cikin duba wannan, a ƙirga kiredit ɗin. Jinya tana son biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wasu makarantu suna karɓar haɗin zama biyu, wasu kwasa-kwasan lafiya kuma sai na zama ɗaya. Darussan da ta rubuta a JAMB su ma sai sun dace, wato Turanci da waɗancan ukun na kimiyya. Idan ta faɗi ɗaya cikin biyar ɗin, to jiran jinya a bana jiran banza ne, gara a sani yau a nemi jarrabawar gyara ta masu zaman kansu da WAEC da NECO suke yi a ƙarshen shekara, ko a sauya kwas.

Na biyu, layin waya. Ka tambaye ta: da wane layi aka tura saƙo zuwa 55019 ko 66019 lokacin rajista? Wannan layin shi ne JAMB ta san ta da shi, ta nan saƙo yake zuwa. A ƙauye sau da yawa layin na wani ne: na yayan da ya tafi cirani Legas, na malamin makaranta, ko na mai kafen da ya yi wa yara ashirin rajista rana ɗaya. Wani kuma layin yana cikin wayar da ta lalace an jefa a ƙasan akwati, kamfani na dab da sayar wa wani. A nemo shi, a sa a waya mai aiki, a riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne. Haka adireshin imel da lambar sirrin shiga shafin: a karɓo daga hannun duk wanda yake riƙe da su, a rubuta a takarda, a ajiye inda kake ajiye takardar gona. Wanda yake da lambar sirrin yarinya zai iya karɓa ko ƙin karɓar gurbi da sunanta, ba ta sani ba.

Na uku, suna da ranar haihuwa. Mu Hausawa wannan ya dame mu ƙwarai. Yarinya ita ce A'isha a makaranta, Aishatu a katin NIN. A wata takarda sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan gari. Tun 2021 JAMB daga NIN take ɗauko bayanan yaro, don haka abin da yake can shi ne a fom ɗinta. A ɗora takardar JAMB kusa da ta NECO a gwada. Idan akwai bambanci, a fara neman gyara yanzu, domin ba aikin kwana ɗaya ba ne, kuma ranar tantance takardu a jami'a ba ranar ba da uzuri ba ce. A duba shekarun ma: 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, kuma akwai yaran da aka rage wa shekaru a NIN bisa kuskure.

Rubutun da za ku tarar a shafin na Turanci ne, don haka ga fassarar da za ta hana ku firgita. In an rubuta "Not Admitted", ma'anarsa har yanzu ba a ba ta ba, kuma haka yake a shafin kowa kafin a ba shi. Ba ya zama hukuncin ƙarshe sai makaranta ta rufe ɗaukar ɗalibai na shekarar. In an rubuta "Admission in progress", sunanta ya shiga hanya, sai a ƙara sa ido. In gurbi ya fito, akwai inda za a danna a karɓa, kuma akwai wa'adi na 'yan makonni; wanda bai karɓa ba ana iya ba wani. Bayan an karɓa ne ake fitar da takardar gurbi ta JAMB. Akwai kuma wani sashe a shafin da jami'a kan yi wa yaro tayin wani kwas idan makinsa bai kai wanda ya nema ba, sai ya amince sannan a ci gaba da maganarsa. Yara da yawa tayin yana nan zaune a shafinsu, ba wanda ya buɗe.

A nan ne shawara take da nauyi, kuma ba zan yanke maka ita ba, sai dai in faɗi yadda nake gani. Idan aka yi mata tayin Bayoloji ko Kemistiri ko wani kwas na kimiyya, ka zaunar da ita ka tambaye ta: jami'ar take so ko jinyar? Tambaya ce ta gaske, kuma yara da yawa ba a taɓa yi musu ita ba. Kada ta karɓa da zaton in ta shiga za ta koma jinya daga baya. Sauya sashe zuwa kwas ɗin lafiya abu ne mai wuya, kaɗan ne suke dacewa. In ta ce jinyar take so ko a ina ne, to ga kwalejin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, a Kano ga ta Madobi. Makinta a irin waɗannan wurare yana da daraja. Kuma duk wanda ya taɓa kai mace haihuwa asibitin karkara da tsakar dare ya san ba mu da isassun mata a wannan aiki. Ni dai ban taɓa ganin wadda ta yi jinya a kwaleji ta ji kunyar takardarta ba, kuma tana iya ɗorawa zuwa digiri daga baya.

In kuma jami'a take so, ba Bayero kaɗai ba ce. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga ta fasaha a Ɓaɓura, ga ta Aliko Ɗangote a Wudil. Ga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da ta Binyaminu Usman a Haɗeja. Kwalejin ilimi ta Gumel ma tana bakin ƙofarka, kuma mai NCE, wato takardar koyarwa da kwalejin ilimi take bayarwa, da sakamako mai kyau yana shiga jami'a kai tsaye ba daga ajin farko ba. Haka wanda ya yi IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da shi, yana shiga aji biyu in ya ci da kyau, sai dai a tabbata cibiyar da za a yi shi tana da izini.

JAMB tana ba da damar sauya makaranta ko kwas a kan kuɗi kaɗan. Amma a yi hattara. Yawancin makarantu waɗanda suka sa su a zaɓin farko suke dubawa, don haka da zarar ta mayar da wata makaranta zaɓin farko, ta fita daga layin Bayero. Kafin a taɓa komai, a je makarantar da ake son komawa, a shiga ofishin ɗaukar ɗalibai a tambaya: har yanzu kuna karɓa? Kun rufe tantancewa? Makin nan ya isa wannan kwas? In an ce e, sannan a sauya. Kada a sauya bisa maganar wani a majalisa, kada kuma a bar mai kafe ya zaɓa mata don wai ya ji can da sauƙi.

Mu koma kan mai dubu tamanin. Sana'ar tsohuwa ce. Yakan karɓi kuɗin mutum goma, ya koma gida ya zauna. Cikin goman, uku ko huɗu da ma za su samu da ƙoƙarinsu. Waɗannan su ne za su riƙa yi masa talla a gari. Sauran ya ce musu a jira rukuni na gaba, har shekara ta ƙare, mai tsananin naci ya mayar masa da rabi. Wanda ya fi shi mugunta shi ne mai bugo takardar jabu da tambarin jami'a, a sayar da akuya a yi siyayya, a je rajista a tarar babu sunan. Akwai kuma masu cewa za su ƙara maki. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, in ma aka kama yarinya da takardar da aka sauya wa maki, ita za ta shiga uku. Duk gurbin da bai bayyana a CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma wanda ya yi karatu a kansa yakan gane kurensa ne bayan shekara huɗu, ranar da aka nemi sunansa don bautar ƙasa aka rasa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce alfarma ta ƙare a ƙasar nan ba. Tana nan. Sai dai tsarin yanzu ya rage mata fili: wanda bai kai makin da makaranta ta tsayar ba, ko takardunsa ba su cika ba, sunansa ba zai wuce ba ko wa ya kawo shi. In kana da ɗan gari da yake aiki a jami'ar, babu laifi ka roƙe shi ya duba maka inda maganar ta tsaya da inda layin jinya ya yanke a bana. Wannan zumunci ne, kuma bayanin da zai kawo ya fi wata uku na zullumi amfani. Alamar mutumin kirki ita ce zai gaya maka gaskiya ko ba ta yi daɗi ba, ba zai kuma ce ka tura kuɗi asusunsa ba.

Dubu tamanin ɗin nan ka riƙe ta, za ka neme ta. Gurbi in ya fito ba ya ba da lokaci: ga kuɗin rajista, ga na ɗakin kwana, ga mota, ga katifa da bokiti da ɗan risho. Tunda kaka ce, ka ware buhun riɗin da za ka ce wannan na karatu ne, ko ɗan ragon da za a iya kaiwa Maigatari ranar Alhamis in buƙata ta taso, kada biki ko suna su ci shi. A haɗa takardu tun yanzu: shaidar asalin ƙaramar hukuma, takardar haihuwa ko rantsuwar kotu, takardar shaidar gama makaranta, da hotuna. Akwai kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024: babu ruwa a cikinsa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana ba ɗalibi naira dubu ashirin a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai an samu gurbi ake nema, ana kuma buƙatar NIN da BVN, don haka in ba ta da asusun banki da sunanta, a buɗe. Kada dai ka dogara da shi a kuɗin farko, don ba ya fitowa nan take.

Sai maganar cikin gida, wadda a wurina ta fi duk waɗannan. Yarinyar nan ta san an sayar da hatsi an saya mata fom. Ta san idon ƙauye yana kanta, wataƙila ma ita ce mace ta farko a gidanku da ta kai nan. Duk safiyar da ka ce mata "har yanzu shiru?", kai tambaya ka yi, ita tuhuma ta ji. Ku tsayar da rana ɗaya ko biyu a mako da za a duba shafin, ranar da wani zai shiga gari inda sabis yake da ƙarfi. Sauran ranaku kada a ta da maganar. Saƙonnin da ake yawo da su a WhatsApp da Facebook cewa an saki sunaye, ko a danna nan a ga jerin, a bar su inda aka gan su. Kada a kawo mata labarin ɗan wane da 'yar wane. Mahaifiyarta kuma, wadda ita ce take shan tambayar mata a gidan biki da gidan suna, ku shirya mata amsa guda: ana kan jira, a taya mu da addu'a. Ba dole ba ne kowa ya san makin ko makarantar.

Ka ce mata, a gaban mahaifiyarta, ko gurbi ya fito ko bai fito ba ba ta yi laifi ba, kuma in bana bai yiwu ba za a sake. Na san ba al'adarmu ba ce uba ya zauna ya yi irin wannan magana da 'yar fari, akwai kunya da kara. In ba za ka iya ba, ka sa gwaggonta ko kakarta ta isar, amma ta san daga gare ka saƙon ya fito. A nema mata abin yi: ta koma Islamiyya ta ƙarasa hadda, ta koyi ɗinki ko saƙa, ta riƙa koya wa ƙannenta karatu, in da hali ta koyi kwamfuta, don ko ta shiga makaranta ko ta sake JAMB za ta buƙace ta. Rage cin abinci na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Amma in ya wuce mako biyu, ta daina barci, ta daina shiga mutane, tana yawan kuka, ko ka ji tana cewa gara ma ta mutu ta huta, kada a tsaya a kan cewa iska ce ko sammu. A yi addu'a, a kuma kai ta babban asibiti mafi kusa a gaya wa likita duk abin da ake gani.

Maganar aure kuwa hurumin ka ne da danginka, ni ba waliyyinta ba ne. Abin da zan ce kawai, kada a yanke ta a cikin watannin nan. Shawarar da aka yanke don an gaji da jira, ko don a rufe bakin 'yan'uwa, ba a cika jin daɗinta ba. Ka ce musu a dakata har a ga ƙarshen ɗaukar ɗalibai na bana. In daga baya ita da kanta tana son mutumin, kai ma ka gamsu da shi, aure bai hana karatu ba, azuzuwan Gumel da Kafin Hausa cike suke da matan aure, wasu da goyo. Amma a yi sharaɗin karatun a fili, a gaban waliyyai da shaidu, a kuma faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure shi da yarinya ba ya zuwa ko'ina.

Ka sa wa jiran iyaka. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi don baɗi. Sayar da sabon fom yakan fara ne a farkon shekara, wajen Janairu zuwa Fabrairu, jarrabawar kuma wajen Afrilu. In lokacin ya zo shafinta bai nuna komai ba, a saya mata fom, da layin nan nata da lambar NIN ɗinta. Amma kada a jira sai lokacin sannan ta buɗe littafi. Tun daga yanzu ta riƙa bitar Kemistiri da Fiziks ko awa ɗaya ce bayan la'asar, ta nemi tambayoyin shekarun baya. A wannan karon kuma, kafin a cike gurbin zaɓin makaranta, a zauna da malamin jarrabawa na makarantar da ta gama, a auna kwas ɗin da makin da take iya kawowa, a kuma sa kwalejin jinya a lissafi tun daga farko.